Mai Ganin Haske da Mai Ganin Zafi: Kwatanta Madubin Dare da Madubin Zafi ta Hanyar Gwajin Gida a Malbaza, Ƙonni da Illela

Tsakure

Wannan takarda ta kwatanta na'urori iri biyu da ake gani da su cikin duhu: madubin dare, mai aiki da ɗan hasken da ya rage ko wanda shi da kansa ya haska, da madubin zafi, mai ɗaukar hoton ɗumin da jiki ke fitarwa. An ɗora kwatancen a kan yanayin gundumomin Malbaza, Birnin Ƙonni da Illela na jihar Tawa, inda hasken wata da ƙurar hunturu da zafin bazara ke sauya aikin kowace na'ura. An bayyana ƙa'idar aikinsu, an yi lissafin nisan da za a iya dogara da su, sannan an tsara gwaji mai matakai bakwai wanda magidanci ko ƙungiyar manoma za su iya yi a tsakar gida. Matsayar takardar ita ce, madubin zafi na amsa tambayar "akwai mai rai a wurin?", madubin dare kuma na amsa "mene ne, ko wane ne?". Wanda ya cakuɗa tambayoyin nan biyu zai yi asarar kuɗinsa, wani lokaci ma ya zalunci wanda bai ji ba bai gani ba.

Muhimman kalmomi: madubin dare, madubin zafi, hasken ƙasan ja, gwajin gida, Malbaza.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya yi wa dare kirari biyu masu karo da juna. Ya ce da shi mahutar bawa, ya kuma ce da shi rigar mugu. Duk wanda ya taɓa kwana a garkar albasa yana gadin injin ban ruwa, ko ya farka da haushin kare ya fita duba turke da tocila a hannu, ya san gaskiyar duka biyun. Tocila tana haska gaban mutum, amma tana sanar da kowa inda yake tsaye, kuma abin da ke gefen haskenta ƙara duhu yake yi.

Na'urorin da a da sai a hannun soja ake ganinsu yanzu sun shigo kasuwa. Kyamarorin tsaro masu fitilun dare suna cikin shagunan kayan lantarki a Maraɗi da Sakkwato da Kano, ƙananan madubin zafi da ake maƙalawa a jikin waya kuma ana yin odarsu ta intanet. A jikin kowane kwali akwai alkawarin ɗaruruwan mitoci. An rubuta alkawarin ne a wata ƙasa mai wani yanayi, ba a auna shi da katangar laka da ta sha ranar watan Afrilu ba, ba kuma a auna shi da hazon Janairu ba. Tunda ba a cinikin biri a sama, manufar wannan takarda ita ce ta ba mai saye hanyar da zai gwada na'ura a gidansa, ya kuma fahimci dalilin abin da idonsa zai gani.

2.0 Yankin da Aka Yi Nazari a Kai

Gundumomin uku suna kudancin jihar Tawa. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram ta ratsa Ƙonni da Tsarnawa da Malbaza da Galmi, a Tsarnawa kuma hanyar Tawa ta rabu ta bi ta Badagishiri. An san Malbaza da masana'antar siminti tun shekarun 1960, kuma a 2018 aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana a garin, mai ƙarfin megawat 7. Galmi ta ba albasar Nijar sunan da aka san ta da shi a kasuwannin Afirka ta Yamma. A Ƙonni akwai filin noman rani na sama da hekta dubu biyu, mai shan ruwa daga madatsun Mozage da Zango a kwarin Maggiya. Daga Ƙonni zuwa Illela ta jihar Sakkwato tafiyar 'yan kilomitoci ce.

Abubuwa uku na wannan yanki suka shafi batunmu. Na farko, dukiyar mutane tana kwana a fili: albasa a rudu, hatsi a rumbu, bisashe a turke, injin ban ruwa da faifan sola a garka. Na biyu, duhun karkararmu duhu ne na gaske, domin yawancin ƙauyuka ba su da fitilun titi, kuma ko garuruwan da ke kan layin kamfanin lantarki na NIGELEC sun ɗanɗana dogon duhu lokacin da Najeriya ta katse wuta a watan Agusta na 2023. Na uku, shekara ta kasu kashi-kashi masu nisan bambanci: hunturu mai sanyi da ƙura, bazara da zafin rana ke haura digiri 40, da damina mai gajimare da laima da ƙwari. Kowane kashi yana fifita wata na'ura a kan 'yar'uwarta.

3.0 Yadda Na'urorin ke Aiki

3.1 Hasken da ido ba ya gani

A shekarar 1800 masanin taurari William Herschel ya raba hasken rana zuwa launukan bakan gizo, ya riƙa auna zafin kowane launi. Da ya ajiye ma'auninsa gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai zafin ya ƙaru. Wannan shi ne hasken ƙasan ja. Idon ɗan Adam yana ganin hasken da tsawon zangonsa ke tsakanin mikiromita 0.4 da 0.7. Madubin dare yana aiki daga nan zuwa wajen mikiromita 0.9, wato dab da abin da ido ke gani. Madubin zafi na kasuwa kuwa yana can nesa, tsakanin mikiromita 8 da 14. Suna ɗaya ya haɗa su, amma tazarar da ke tsakaninsu ta ninka goma, kuma daga wannan tazara duk sauran bambancinsu ya samo asali.

Mai son ganin ƙasan ja na kusa da idonsa ya ɗauki rimot na talabijin, ya nuna shi ga kyamarar waya, ya danna. A wayoyi da yawa zai ga ɗigon haske yana ƙiftawa a allo, alhali idonsa bai ga komai a bakin rimot ɗin ba.

3.2 Madubin dare

Iri biyu ne. Na farko mai bututun ƙara haske ne. Ɗan hasken wata ko taurari yana faɗawa a kan wani faifai da ke mayar da shi ƙwayoyin lantarki, a ninka su, sannan su bugi allo mai walƙiya ya ba da hoto, galibi kore. A Yaƙin Duniya na Biyu Jamus da Amurka sun yi amfani da na farko-farkonsa, masu buƙatar babbar fitila. A shekarun 1960, lokacin yaƙin Biyetnam, aka samu masu ninka haske wajen sau dubu ba tare da fitila ba. Na shekarun 1970 da na 1980, wato zubi na biyu da na uku, sun kai ninkin dubun-dubatai. Irin waɗannan na ƙarshe suna da tsada ƙwarai, ƙasashen da ke ƙera su kuma suna taƙaita fitar da su. Saboda haka idan aka ga na'ura mai araha an rubuta mata "zubi na uku" a kwali, a yi shakka.

Iri na biyu, wanda shi ne a hannun jama'a, kyamara ce irin ta waya da aka haɗa da ƙananan fitilun ƙasan ja. Masu nanomita 850 sun fi kai wa nesa, amma ana hango jan garwashinsu a duhu. Masu nanomita 940 kusan ba a ganinsu, sai dai nisansu bai kai ba. A taƙaice wannan na'ura tocila ce da mai ita kaɗai ke ganin haskenta, sai kuma duk wani mai riƙe da irinta. Dokar tocila ce ke binta: idan nisa ya ninka biyu, hasken da ke isa ga abu yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu.

3.3 Madubin zafi

Kowane jiki yana fitar da haske gwargwadon zafinsa. Fatar mutum, mai zafin wajen digiri 33 zuwa 34, tana fitar da mafi yawan nata a kusa da mikiromita 9.5, wato a cikin abin da madubin zafi ke kamawa. A cikinsa akwai faifai mai dubban ƙananan ɗigo, kowane ɗigo yana ɗan ɗumama idan hasken ya same shi, na'urar kuma ta auna ɗumin ta zana hoto. Kamfanin Honeywell na Amurka ne ya ɓullo da wannan faifai a shekarun 1980, aka sake shi ga farar hula a farkon shekarun 1990. A 2014 kamfanonin FLIR da Seek suka fito da waɗanda ake maƙalawa a waya. Gilashi na yau da kullum ba ya barin wannan haske ya wuce, shi ya sa ake yin idon na'urar da wani ma'adini mai suna jamaniyom, wanda ƙasar Sin ta sa wa takunkumin fitarwa daga Agustan 2023. Wannan na cikin dalilan tsadarta.

Madubin zafi ba ya buƙatar wata ko fitila. Abin da yake buƙata shi ne bambanci tsakanin zafin abu da zafin abin da ke bayansa. Masu kyau suna rarrabe bambancin da bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na digiri ba. Allah ya riga ya halicci irin wannan gani: mesa tana da ƙananan ramuka a leɓɓanta da take jin ɗumin abin farauta da su a cikin duhu.

4.0 Lissafin Nisa

A 1958 John Johnson, mai bincike a ɗakin gwajin sojan Amurka, ya raba gani zuwa matakai. Akwai hangowa, wato sanin cewa akwai wani abu. Akwai rarrabewa, wato sanin mutum ne ko jaki. Akwai kuma tantancewa, wato ganin ƙarin siffa, kamar ko yana riƙe da wani abu. Idan aka mayar da ma'auninsa zuwa ɗigon hoto, hangowa na son ɗigo 2 a faɗin abin, rarrabewa na son 8, tantancewa na son wajen 13, kuma ko a haka rabin masu kallo ne ake sa ran za su dace.

Mu ɗauki madubin zafi mai ɗigo mikiromita 12 da ido mai milimita 13, irin na hannu. A nisan mita 100, ɗigo ɗaya yana rufe wajen santimita 9. Faɗin ƙirjin mutum rabin mita ne. Lissafi ya nuna za a hango shi daga wajen mita 270, a rarrabe shi da dabba a wajen mita 68, a tantance siffarsa a wajen mita 42. Adadin da ake bugawa a kwali shi ne na hangowa, galibi ma an lissafa shi da tsawon mutum maimakon faɗinsa. Adadin da mai gida ke buƙata kafin ya ɗauki mataki shi ne na biyu, kuma kashi ɗaya ne cikin huɗu na na farko.

Akwai wata dabara ta 'yan kasuwa da ya kamata a sani. Sukan buga yawan ɗigon allo su ɓoye na faifai. Na'ura mai faifai 80 a 60, ko 160 a 120, tana iya samun allo mai kyau, amma hoton ba zai wuce abin da faifan ya kama ba. Matso da hoto ta danna maɓalli shi ma kumbura ɗigo yake yi, ba ya ƙara ko ɗaya.

5.0 Tsarin Gwajin Gida

Kayan aiki: na'urorin biyu, igiya mai ƙulli a kowace mita biyar, ma'aunin zafi, agogo, littafi, da mutum uku na gida da suka yarda. Mai kallo kada ya san wanda za a tsayar masa, domin ido yakan ga abin da zuciya ta riga ta sani. A ba ido minti 20 zuwa 30 ya saba da duhu, a kuma rage hasken allo.

Kalandarmu ta wata ta ishe mu ma'aunin haske. Daren sha huɗu yana ba da wajen kashi ɗaya zuwa uku cikin goma na luks, wato ma'aunin hasken da ke sauka a kan abu. Daren taurari zalla, daga 27 ga wata zuwa tsayuwar sabo, yana ba da wajen kashi ɗaya cikin dubu. Daren hadari babu wata ya sake raguwa sau goma. Don haka a yi gwajin sau biyu a kowane lokaci na shekara: a farin wata da a duhun wata.

5.1 Ɗaki da tsakar gida. A rufe ɗaki ruf, a kashe fitilar madubin dare. Zai makance, domin babu abin da zai ninka. Madubin zafi zai nuna mutum sarai, har da sawun tafin hannun da aka ɗora a bango aka ɗauke. A kunna fitilar, madubin dare zai farfaɗo da hoto mai kyau. A nan ne masu saye ke ruɗuwa, saboda bangon ɗaki yana mayar da hasken fitila ta kowane gefe. A garka babu bango. Gwajin da aka yi a cikin shago ko ɗaki yana yi wa madubin dare kwalliyar da ba tasa ba.

5.2 Nisa da sanin fuska. A tsayar da mutum a ƙarshen igiya, ya riƙa matsowa ƙulli-ƙulli. A rubuta nisan da aka hango shi, da wanda aka gane mutum ne, da wanda aka kira sunansa daidai. Madubin zafi zai riga wajen hangowa. Wajen kiran suna kuwa madubin dare ne zai riga, domin hoton zafi ba ya nuna launin fata ko zane ko rubutu, kuma 'yan'uwa biyu masu tsawo ɗaya sukan fito kamar mutum ɗaya. A lura da tufafi: rini da yawa ba sa shan ƙasan ja, don haka baƙar riga tana iya fitowa fara tas a madubin dare.

5.3 Ɓuya. A zaunar da mutum a bayan dangar kara ko cikin ganye. Madubin dare zai haska karan da ke gaba, ganye kuma ya fito fari, abin da ke baya ya ɓace. Madubin zafi zai kama ɗumin da ke leƙowa ta kafofi. A bayan gilashin taga lamarin ya juye: madubin zafi ba zai ga komai ba sai inuwar mai riƙe da shi, madubin dare kuma zai gani muddin fitilarsa ba ta dawo masa a ido ba. Siririyar baƙar leda tana tare ido, amma madubin zafi yana ganin hannun da ke cikinta. Katanga kuwa, ta laka ko ta bulo, babu wanda ke ratsa ta a cikinsu. Maganar cewa madubin zafi yana gani ta cikin bango ta finafinai ce.

5.4 Ƙura da hayaƙi. A hura ɗanyen itace a tsakanin mai kallo da wanda ake kallo. Hasken fitilar madubin dare zai bugi hayaƙin ya dawo, allo ya yi fari kamar fitilar mota a cikin hazo. Madubin zafi zai ratsa, shi ya sa 'yan kwana-kwana a ƙasashe da dama ke shiga gobara da shi. Haka abin yake a hazon hunturu da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na Cadi: ƙwayoyinsa ƙanana ne a kan dogon zangon hasken zafi. Guguwar ƙasa mai kauri irin ta gaban hadari dai tana rage ganin duka biyun.

5.5 Lokaci. Wannan shi ne gwajin da ya fi muhimmanci a yankinmu. A tsayar da mutum a jikin katangar da ke fuskantar yamma, a dube shi bayan magariba, da tsakar dare, da asuba. A hunturu, lokacin da sanyin dare ke sauka ƙasa da digiri 18, zai fito fari fat a kan baƙin bango. A Afrilu da Mayu kuwa katangar laka da daɓen siminti da duwatsu suna riƙe zafin yini. Bayan magariba bango yana iya fin mutum zafi, sai mutumin ya fito baƙi a kan fari. Yayin da bangon ke hucewa, akwai sa'ar da zafinsa zai yi daidai da na tufafin mutum, a wannan sa'ar mutum yana narkewa cikin bango. Mai gadi da bai san da haka ba zai duba ya ce babu kowa. Sai dare ya raba bambancin ke dawowa, ya fi kyau da asuba. A damina, bayan ruwa mai yawa, ƙasa da bango da itace suna komawa zafi ɗaya. Mai rai zai fito, amma hanya da rami da bakin rijiya za su shafe, don haka kada a yi tafiya da madubin zafi a ido. Sabon kwanon rufi da tukunyar dalma su ma suna yaudara: ƙarfe mai sheƙi yana nuna sanyin sama ko zafin abin da ke gabansa, ba nasa ba.

5.6 Dabbobi. A turke madubin zafi zai ƙirga tumaki da awaki cikin ƙiftawar ido, ya nuna ɓera a gindin rumbu da muzuru a bayan akurki. Madubin dare zai nuna idanunsu suna walƙiya, ya kuma bambanta tunkiyar gida da baƙuwa ta zanen jikinta. Gargaɗi a nan babba ne. Maciji da kunama zafin jikinsu na bin zafin wurin da suke, saboda haka kububuwa tana iya kwanciya a kan hanya madubin zafi bai nuna ta ba. Mai zuwa ban ruwa da dare kada ya ajiye tocila da takalmi. Kunama kuwa tana walƙiya a ƙarƙashin ƙaramar tocila mai hasken saman shuɗi, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba. A damina kuma ƙwari da yanar gizo-gizo a gaban fitilar madubin dare suna cika allo da fararen ɗigo.

5.7 Batir da juriya. A cika batir, a kunna, a rubuta awar da ya mutu, sau ɗaya da fitila sau ɗaya babu. Fitila ce ke shanye batirin madubin dare. Madubin zafi yakan yi ƙara "ƙas" hoto ya tsaya na ɗan daƙiƙa. Gyara kansa yake yi, ba lalacewa ba ce. Kada a nuna shi ga rana, kada a nuna mai bututu ga fitila mai ƙarfi, kada kuma a bar batir a ɗakin kwano da tsakar ranar bazara.

6.0 Tattaunawa

Idan aka tattara matakan nan, hoton da ke fitowa shi ne na ma'aikata biyu da aka raba wa aiki. A fili mai faɗi, garka ko makiyaya, inda buƙata ita ce a san da motsi tun daga nesa, madubin zafi ya fi dacewa, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A ƙofar gida da zaure da shago, inda nisa bai wuce mita goma zuwa ashirin ba kuma ake son a san fuska, kyamarar dare ce ta dace, ita ce kuma mafi araha. A gidaje da yawa ma fitilar sola mai kunna kanta idan ta ji motsi za ta biya buƙata fiye da duka biyun, tunda tana haska wa kowa, tana kuma korar mai mugun nufi kafin ya ƙaraso.

Madubin zafi yana da wani amfani da rana wanda zai iya mayar da kuɗinsa. Masana'antun siminti a duniya suna sa ido a kan jikin murhunsu mai juyawa da irin wannan na'ura, domin a ciki zafi na kai wa digiri 1,450, kuma tabon zafi a waje alama ce ta bulon ciki ya zaizaye. Dabarar ɗaya ce a ƙaramin mataki. Faifan sola mai lalataccen gida yana nuna tabo mai zafi. Wayar lantarki da ta kwance a mahaɗa tana ɗumama tun kafin ta kama wuta. Kofato ko hantsar dabba mai kumburi sukan fi sauran jiki zafi, abin da zai sa a kira likitan dabbobi da wuri. Tarin albasa da ya fara ruɓa yana ɗumi, ko da yake na'urar saman tari kaɗai take gani, sai an buɗe an duba. Saboda haka ya fi kyau ƙungiyar manoma ta sayi guda ɗaya mai inganci a riƙa karɓa-karɓa, da a ce kowa ya sayi mai rauni.

7.0 Haddi da Haƙƙi

Yankin kan iyakar nan ya ga satar shanu da garkuwa da mutane a 'yan shekarun nan, kuma tsoro yana gajarta haƙuri. Farin tabon da aka gani a allo daga mita ɗari biyu yana iya zama ɓarawo, yana iya zama makiyayi mai neman ɓatacciyar saniya, ko maƙwabci da ya fito ban ruwa, ko jaki. Lissafin sashe na huɗu ya nuna cewa a wannan nisa na'urar ba ta da ikon rarrabewa. Wanda ya ɗaga makami ko ya kira sunan wani a gaban jama'a bisa wannan tabo, zato ya bi, kuma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Shaidar launin riga daga madubin dare ita ma ba abin dogaro ba ce.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci. A bazara iyalai a waje suke kwana, katanga da duhu su ne suturarsu. Wanda ya hau soro da madubi ya keta wannan sutura, kuma aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane. Ko a Amurka, Kotun Ƙoli ta yanke a 2001, a shari'ar Kyllo, cewa 'yan sanda ba su da ikon nuna madubin zafi ga gidan mutum sai da izinin alƙali. A ƙarshe, waɗannan kaya ne da soja da farar hula ke tarayya a kansu, kuma wasu gundumomin arewacin jihar Tawa, Tasara da Tilliya, sun shiga dokar ta-ɓaci a 2017. Mai niyyar shigo da su ya fara tuntuɓar duwan da jandarma, ya sanar da mai gari, ya kuma adana takardar saye.

8.0 Shawarwari

1. Mai saye ya nemi sharaɗin gwaji na dare biyu, ɗaya daga ciki a duhun wata, a fili ba a ɗaki ba.
2. A tambayi yawan ɗigon faifai da girman ido, a raba nisan kwali gida huɗu kafin a dogara da shi.
3. Masu gadi su san sa'ar da bangon wurinsu ke daidaita da zafin mutum a bazara, su ƙara sintiri da ido da kunne a lokacin.
4. Ƙungiyoyin manoma da makiyaya su rubuta ƙa'idar amfani: wa ke riƙewa, ina ake nunawa, wa ake kira idan an ga motsi.
5. Malamai da ɗaliban Jami'ar Tawa su gudanar da wannan gwaji a hunturu da bazara da damina, su fitar da alƙaluman yankinmu cikin Hausa da Faransanci.

9.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa madubin dare aron haske yake yi, madubin zafi kuma bambancin ɗumi yake karantawa, kuma kowanne yana da daren da yake makancewa: na farko a duhun wata da ƙura, na biyu a magaribar bazara da bayan gilashi da gaban maciji. Igiya da agogo da littafi sun isa magidanci a Dogarawa ko Gidan Idar ya gano iyakar na'urarsa kafin ya ba ta amana. Idan allo ya nuna farin tabo a ƙarshen garka, aikinsa ya ƙare a nan. Abin da ya rage na mutum ne: ya tashi abokin gadi, ya haska tocila, ya yi sallama, ya jira amsa.